Ƙaura zuwa Landan: Tsadar rayuwa da sharuɗɗan zama

Birnin Landan, fadar gwamnatin Birtaniya, yana cikin biranen da suka fi tsadar rayuwa a nahiyar Turai. Duk da haka, a kowace shekara dubban mutane daga Afirka ta Yamma suna neman izinin zuwa can domin karatu, ko aiki, ko kuma tarar da iyalansu.

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa mutane kimanin miliyan 8.8 ne ke zaune a birnin, kuma kashi 15 cikin 100 daga cikinsu Musulmi ne. Ƙidayar ta kuma gano mutane kimanin 270,000 haifaffun Najeriya a yankunan Ingila da Wales, waɗanda kaso mai yawa daga cikinsu a Landan suke.

Albashin da ake biya a birnin kan ba mutum sha'awa idan aka juya shi zuwa naira ko sefa ko sidi. Sai dai kuma da fam ake biyan haya da haraji da kuɗin mota, kuma babbar ɗawainiyar takan hau kan baƙo ne tun kafin ya karɓi albashinsa na farko. Hangen Dala dai, in ji masu iya magana, ba shiga birni ba ne.

Izinin shiga ƙasa

Bizar ziyara tana bai wa mutum damar zama har tsawon wata shida, amma ba ta ba shi izinin yin aiki ba. Wanda ke son zama mai tsawo sai ya bi ɗaya daga cikin manyan hanyoyi uku, wato aiki, ko karatu, ko aure da dangantaka ta iyali.

Mai neman bizar ƙwararrun ma'aikata dole ne ya fara samun gurbi a wajen kamfani ko hukumar da ma'aikatar cikin gida ta bai wa lasisin ɗauko ma'aikata daga waje. Mafi ƙarancin albashin da ake buƙata ga yawancin ayyuka ya tashi daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara a watan Afrilun 2024, sannan ya kai fam 41,700 a watan Yulin 2025.

A wannan watan na Yuli ne kuma gwamnati ta rufe ƙofar ɗauko masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga ƙasashen waje, hanyar da 'yan Najeriya da Ghana da dama suka bi a shekarun baya. Kafin nan, tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024, hukumomi sun soke lasisin kamfanoni sama da 470 a wannan fanni, bayan an samu rahotannin cin zarafin ma'aikata da sayar musu da guraben aikin da babu su. Doka ta hana a sayar wa ma'aikaci takardar ɗaukar nauyinsa, saboda haka duk dillalin da ya nemi miliyoyi a kanta abin tuhuma ne.

Ga mai son kawo mata ko miji bisa bizar iyali, an ɗaga kuɗin shigar da ake so ya nuna daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a shekara, a watan Afrilun 2024. Dokar shige da fice ta ƙasar ba ta bai wa magidanci damar kawo mace fiye da ɗaya a matsayin matar aure ba, ko da kuwa auren ya halatta a ƙasarsa.

Mazauna Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da ke son zama fiye da wata shida sai sun yi gwajin tarin fuka a asibitin da Birtaniya ta amince da shi. A Najeriya, Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya tana gudanar da gwajin a Abuja da Legas.

Kuɗin da ake biya kafin tashi

Bayan kuɗin biza, akwai harajin kiwon lafiya wanda ke bai wa baƙo damar amfani da asibitocin hukumar NHS. An ɓullo da shi a 2015 a kan fam 200 a shekara. Ya kai fam 624 a 2020, sannan a watan Fabrairun 2024 ya zama fam 1,035 ga babba, da fam 776 ga ɗalibi ko yaro.

Abin da ke sa harajin yin nauyi shi ne ana biyan na dukkan shekarun bizar a dunƙule, a ranar da aka cika takarda. Likitoci da malaman jinya da ke zuwa da bizar ma'aikatan lafiya ne aka ɗauke wa shi.

A ɗauki misalin magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu, wanda ya samu aikin shekara uku. Bisa farashin 2025, bizar kowane mutum fam 769 ce, wato fam 3,076 ke nan su huɗu. Harajin lafiyar manya biyu fam 6,210 ne, na yaran kuma fam 4,656. Jimilla fam 13,942, ban da kuɗin jirgi da na masauki. Idan aka yi lissafin kowane fam a kan naira 2,000, kuɗin ya kusa naira miliyan 28.

Ɗalibi kuma, baya ga kuɗin bizarsa wanda ya kai fam 524 a 2025, sai ya nuna yana da kuɗin makaranta na shekarar farko da kuɗin ciyar da kansa na wata tara. Ga mai karatu a Landan, an tsayar da wannan a kan fam 1,529 a wata tun daga Nuwambar 2025, wato fam 13,761. Wajibi ne kuɗin su kwana 28 a jere cikin asusun banki ba tare da sun ragu ba. Kuɗin makaranta ga baƙi ya danganta da jami'a da fannin karatu, inda yake kamawa daga sama da fam 10,000 zuwa sama da fam 30,000 a shekara.

Tun daga Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyalansu, in ban da masu digirin digirgir da sauran karatun bincike, da waɗanda wata gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Matakin ya fi shafar 'yan Najeriya, waɗanda a 2022 suka fi kowace ƙasa yawan iyalan ɗalibai da aka bai wa biza, su sama da 60,000.

Akwai kuma haɗarin faɗuwar darajar kuɗin gida. Kafin gwamnatin Bola Tinubu ta bar kasuwa ta tsayar da farashin naira a watan Yunin 2023, ana sayar da fam ɗaya ƙasa da naira 600 a farashin hukuma. A cikin 2024 ya haura naira 2,000. A shekarar ne wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da ke arewa maso gabashin Ingila suka rasa gurabensu, aka kuma umarce su da su bar ƙasar, bayan sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci.

Muhalli

Haya ita ce ke cinye kaso mafi girma na abin da mazaunin Landan ke samu. Alƙaluman ofishin ƙididdiga na ƙasar sun nuna cewa a 2025 matsakaicin kuɗin hayar gida a birnin ya haura fam 2,200 a wata, alhali matsakaicin na ƙasar baki ɗaya bai kai fam 1,400 ba.

An raba birnin zuwa ƙananan hukumomi 32, tare da tsohuwar cibiyar kasuwancinsa, kuma farashi ya bambanta ƙwarai a tsakaninsu. A Kensington da Chelsea matsakaicin haya ya wuce fam 3,500 a wata. A yankunan gefen gari irin su Bexley da Havering da Croydon kuwa, ana samun sauƙi sosai, sai dai kuɗin mota da tsawon tafiya suna ƙaruwa.

Saboda haka ne yawancin sababbin zuwa ke farawa da ɗaki guda a gidan haɗaka, inda ake tarayya a kicin da banɗaki. Shafin SpareRoom, wanda ke tallata irin waɗannan ɗakuna, ya nuna cewa matsakaicin farashinsu a Landan ya kusa fam 1,000 a wata a 2024 da 2025. Ga Musulmi, irin wannan zama yana zuwa da nasa tambayoyin, tun da mai yiwuwa ne maza da mata su haɗa gida, ko kuma a tarar da giya da naman alade a firji ɗaya. Akwai masu tallata ɗakuna na maza zalla ko mata zalla, kuma akan ji labarinsu a masallatai da ƙungiyoyin ɗalibai.

Saɓanin yadda aka saba a Kano ko Abuja, inda ake biyan hayar shekara gaba ɗaya, a Landan wata-wata ake biya. Wasu masu gidaje kan rubuta farashin mako a tallarsu. Domin sanin na wata, sai a ninka na makon sau 52 a raba gida 12.

Wata doka ta 2019 ta hana dillalai karɓar la'ada daga hannun ɗan haya. Ta kuma kayyade kafin alƙalami a kan hayar mako ɗaya, da kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna a kan hayar mako biyar ga yawancin gidaje. Dole ne mai gida ya saka kuɗin ajiyar a ɗaya daga cikin asusun da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, kuma ana mayar wa ɗan haya da su ranar tashi idan bai lalata komai ba.

Wahalar da baƙo ya fi fuskanta ita ce ta samun amincewa. Tun 2016 doka ta ɗora wa masu gidaje a Ingila alhakin duba takardun zaman ɗan haya. Dillalai kuma galibi suna so albashin mutum na shekara ya kai ninki 30 na hayar wata, wato mai neman gidan fam 1,500 ya nuna albashin fam 45,000. In bai kai ba, sai ya kawo wanda zai tsaya masa, kuma yawanci mazaunin Birtaniya ake so.

A da, baƙin da ba su da mai tsaya musu kan biya hayar wata shida ko fiye a gaba. Dokar kare 'yan haya da aka sanya wa hannu a watan Oktoban 2025, wadda aka tsara manyan sassanta su fara aiki ranar 1 ga Mayun 2026, ta takaita abin da za a nema a gaba zuwa wata ɗaya, ta kuma hana tayar da ɗan haya ba tare da dalili ba.

Hukumomi suna yawan gargaɗi game da 'yan damfara da ke saka hotunan gidajen da ba nasu ba a intanet, su karɓi kuɗi daga mutanen da ke ƙasashen waje. Shawarar da ake bayarwa ita ce kada a biya ko sisi sai an ga gida da ido, ko kuma wani amintacce ya gani.

Haraji, wuta da ɗumama ɗaki

Bayan haya akwai harajin ƙaramar hukuma, wanda mazaunin gida ke biya ba mai gida ba, domin kwashe shara da sauran hidimomi. An kasa gidaje aji takwas bisa darajarsu ta 1991. A 2025 gida mai matsakaicin aji yana biyan kimanin fam 1,000 a shekara a Wandsworth da Westminster, yayin da a ƙananan hukumomi da dama ya haura fam 2,000. Ana rage kashi 25 cikin 100 ga wanda ke zaune shi kaɗai, gidan da ɗalibai zalla ke ciki kuma ba ya biya.

Kuɗin wuta da iskar gas sun yi tashin gwauron zabo bayan Rasha ta mamaye Yukren a 2022. A 2025 matsakaicin gida yana biyan tsakanin fam 1,700 da 1,850 a shekara, kuma kaso mai yawa na kuɗin na tafiya ne wajen ɗumama ɗakuna daga Oktoba zuwa Afrilu. Ana biyan kuɗin ruwa da na intanet daban. Wanda ke kallon shirye-shiryen talabijin kai tsaye kuma sai ya sayi lasisi, wanda farashinsa ya kai fam 174.50 a 2025.

Sufuri

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, wanda ya fara aiki a 1863, shi ne irinsa mafi daɗewa a duniya. Yana da layuka 11 da tashoshi 272, kuma a 2022 aka ƙara sabon layin dogo na Elizabeth da ya ratsa birnin daga gabas zuwa yamma. Ana lissafin kuɗi ne bisa shiyyoyi, inda shiyya ta 1 take tsakiyar gari.

A 2025 tikitin wata na shiyya ta 1 da ta 2 ya kai kimanin fam 170, na shiyya ta 1 zuwa ta 6 kuma ya haura fam 300. Bas ta fi araha, domin fam 1.75 ake biya a shekarar, kuma mutum na iya sauya bas sau nawa ya ga dama cikin sa'a guda ba tare da ƙari ba. Tun 2014 direbobin bas suka daina karɓar tsabar kuɗi, sai katin Oyster ko katin banki. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 ba sa biya idan suna tare da babba.

Mallakar mota a birnin kaya ne mai nauyi. Harajin cunkoso da magajin gari Ken Livingstone ya kawo a 2003 a kan fam 5 ya kai fam 18 a rana a Janairun 2026. Tun Agustan 2023 kuma tsofaffin motoci masu fitar da hayaƙi suke biyan fam 12.50 a rana a duk faɗin birnin. Lasisin tuƙi na Najeriya yana aiki na wata 12 kawai, daga nan sai mutum ya ci jarrabawar tuƙi ta Birtaniya.

Abin da ke saura a albashi

Ba a cire haraji a kan fam 12,570 na farko da mutum ya samu a shekara. Daga nan zuwa fam 50,270 ana cire kashi 20 cikin 100, tare da wani kashi 8 cikin 100 na inshorar ƙasa. Abin da ya wuce haka ana cire masa harajin kashi 40.

Mai albashin fam 41,700, ke nan, zai riƙa karɓar kimanin fam 2,800 a wata, kafin a cire na fansho. Idan ya kama gida a kan matsakaicin farashin birnin, haya kaɗai za ta ɗauke kusan kashi 80 cikin 100 na wannan kuɗi. Idan ɗaki guda ya kama, za ta ɗauke sama da kashi ɗaya cikin uku.

Lissafin ɗalibi ya fi haka tsanani. Doka ta ba shi damar yin aikin sa'a 20 kawai a mako lokacin karatu. A kan mafi ƙarancin albashi na 2025, wato fam 12.21 a sa'a, abin da zai samu bai wuce kimanin fam 1,050 a wata ba, wanda da ƙyar zai biya ɗaki. Ɗalibin da ya taso da niyyar biyan kuɗin makaranta daga aikin da zai yi a can yana cikin haɗarin rasa karatun da bizar baki ɗaya.

Haka kuma yawancin masu biza ba su da haƙƙin karɓar tallafin gwamnati na marasa aiki ko na muhalli. Ma'aikacin da ya rasa aikinsa galibi kwana 60 ake ba shi ya samu wani kamfanin da zai ɗauki nauyinsa, ko ya bar ƙasar.

Iyali da makonnin farko

Karatu kyauta ne a makarantun gwamnati, kuma tilas ne tun daga shekara biyar. Tun Satumbar 2023 ofishin magajin gari Sadiq Khan ke ɗaukar nauyin abincin rana na 'yan firamaren gwamnati a birnin. Renon ƙananan yara ne ke da tsada, domin gidan reno na yini cur kan haura fam 1,500 a wata a tsakiyar gari ga yaron da bai kai shekara biyu ba. Babu kaka ko gwaggo a kusa da za a bar wa yara, kuma barin ƙaramin yaro shi kaɗai cikin halin da zai iya cutuwa laifi ne a doka.

Abubuwan da sabon zuwa ke fara yi su ne rajista da likitan unguwa, wadda kyauta ce, da neman lambar inshorar ƙasa, da buɗe asusun banki. Manyan bankuna kan nemi shaidar adireshi, abin da baƙo ba ya da shi, shi ya sa mutane da yawa ke farawa da bankunan wayar salula irin su Monzo. Katin shaidar zama da ake bayarwa a da ya daina aiki a ƙarshen 2024, yanzu a intanet ake nuna izinin zama.

A filin jirgi, wanda ke ɗauke da fam 10,000 ko fiye sai ya bayyana wa jami'an kwastan. An kuma haramta shigo da nama da kayan madara daga Afirka, saboda haka kilishi da dambun nama da man shanu ba sa cikin tsarabar da za a iya wucewa da ita.

Addini da yanayi

Musulmi ba ya shan wahalar samun masallaci ko naman halal a Landan. Akwai babban masallacin Regent's Park da aka kammala a 1977, da Masallacin Gabashin Landan a Whitechapel, da kuma na titin Old Kent wanda Musulmi 'yan Najeriya ke gudanarwa. A kasuwannin Peckham, unguwar da ake yi wa laƙabi da ƙaramar Legas, ana samun doya da manja da kuɓewa da sauran kayan miya na gida. Ga masu gudun riba, an kafa wani bankin Musulunci a ƙasar a 2004, wanda daga baya ya koma Al Rayan.

Juma'a dai ranar aiki ce, kuma ba a ba da hutun Sallah a hukumance, don haka ma'aikaci kan shirya da shugabansa tun da wuri. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, har sallolin Azahar da La'asar da Magariba duka su faɗa cikin lokacin aiki. A watan Yuni kuwa hasken rana kan wuce sa'a 16, kuma a shekarun da azumi ya zo a wannan lokaci an riƙa kai wa sa'a 18 ana riƙe da baki.

Zama na dindindin

Tun 2021 ɗalibin da ya gama digiri yake da damar zama shekara biyu domin neman aiki, amma gwamnati ta sanar da rage wa'adin zuwa wata 18 daga Janairun 2027. A tsarin da aka daɗe ana bi, ma'aikaci kan nemi izinin zama na dindindin bayan shekara biyar, kuma kuɗin neman ya haura fam 3,000 ga kowane mutum a 2025. A watan Mayun shekarar, gwamnatin Keir Starmer ta bayyana shirin tsawaita wa'adin zuwa shekara 10 ga yawancin baƙi.

Kusan kowace shekara ake sauya waɗannan ka'idoji da farashi, kuma a shafin intanet na gwamnatin Birtaniya ake wallafa na baya-bayan nan.

Gwamnatin ita kanta ta amince cewa Landan daban take da sauran ƙasar. Ɗalibin da za a nemi ya nuna fam 1,529 a wata a birnin, fam 1,171 ake nema a hannunsa idan a Manchesta ko Birmingham zai zauna, biranen da su ma suke da jami'o'i da asibitoci da al'ummar Musulmi masu yawa, kuma hayar gida a cikinsu ta yi ƙasa sosai da ta Landan.